Isekai wa Smartphone to Tomo ni: katun ɗin Japan da ya yi suna saboda rauninsa

Isekai wa Smartphone to Tomo ni, wanda aka fi sani a wajen Japan da sunan In Another World With My Smartphone, jerin katun ne na barkwanci da tatsuniya irin wanda Japanawa ke kira anime. Ma'anar sunan ita ce "a wata duniya tare da babbar wayata". An fara nuna shi a talabijin ɗin Japan daga 11 ga Yuli zuwa 26 ga Satumba, 2017, cikin kashi 12, sannan zango na biyu ya biyo baya daga Afrilu zuwa Yuni, 2023, shi ma kashi 12. Masu sharhi sun daɗe suna buga misali da shi idan ana maganar labari marar ƙwari, duk da haka yana da ɗimbin masu kallo, kuma da yawansu raunin nasa ne ke jawo su. Shirin ya zama ƙofar fahimtar yadda masana'antar anime ke zaɓen abin da za ta zuba wa kuɗi, da wanda ke cin ribar, da wanda ke shan wahalar.

Asalin labarin

Marubucin yana amfani da sunan alƙalami Patora Fuyuhara. Ya fara sakin labarin babi-babi a shekarar 2013 a shafin intanet na Shosetsuka ni Naro, wanda sunansa ke nufin "mu zama marubuta". An kafa shafin a 2004, kuma kowa na iya wallafa rubutunsa a ciki kyauta, ba edita, ba mai tacewa. Tsarin ya yi kama da yadda marubutan littattafan Hausa na zamani ke sakin shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda martanin masu karatu na yau ke juya alƙalamin gobe.

Da labarin ya samu karɓuwa, kamfanin Hobby Japan ya fara buga shi a matsayin littafi a watan Mayun 2015, tare da zane-zanen Eiji Usatsuka, wanda ya yi fice da zanen littattafan Zero no Tsukaima. Juzu'an sun haura 25. A ƙarshen 2016 mujallar Comp Ace ta kamfanin Kadokawa ta fara fitar da shi a sigar manga, wato labarin zane na takarda, da hannun wani mai zane da ake kira Soto. Kamfanin J-Novel Club ne ke fassara littattafan zuwa Turanci.

Kamfanin Production Reed ne ya zana zangon farko, Takeyuki Yanase ya ba da umarni, Natsuko Takahashi ta tsara rubutun. Wannan tsohon kamfani ne da aka sani da Ashi Productions tun zamanin da ya yi Minky Momo a 1982, kuma ya koma tsohon sunansa a 2019. Zango na biyu ya koma hannun J.C.Staff ƙarƙashin jagorancin Yoshiaki Iwasaki, wanda shi ne ya ba da umarnin zangon farko na Zero no Tsukaima a 2006. Katsumi Fukuhara ne muryar jarumin a harshen Japananci.

Labarin a taƙaice

Touya Mochizuki yaro ne ɗan shekara 15 da tsawa ta faɗa wa ya mutu. Ya farka a wani ɗan ɗaki da ke shawagi a kan gajimare, gaban wani tsoho da labarin ya gabatar a matsayin abin bautar duniyoyin, yana ba shi haƙuri cewa kuskure aka yi. Irin wannan siffantawa ruwan dare ce a tatsuniyoyin Japan na zamani, inda al'adar Shinto mai alloli barkatai ta sa marubuta ke ɗaukar abin bauta tamkar wani ma'aikacin ofis mai iya yin kuskure. Mai kallo Musulmi ko Kirista zai ci karo da wannan tun a mintunan farko. Tsohon ya ce dokarsa ba ta yarda a mayar da Touya duniyarsa ba, amma zai tashe shi a wata duniyar ta takubba da sihiri, kuma ya nemi alfarma guda. Touya ya roƙi a bar masa wayarsa.

Aka bar masa ita. Zai iya karanta shafukan intanet na tsohuwar duniyarsa, ba zai iya kiran kowa a can ba, cajin kuma da ƙarfin sihiri ake yi. A matsayin gyara, tsohon ya ƙara masa ƙarfin jiki da kaifin ƙwaƙwalwa da baiwar sihiri. A wannan duniyar sihiri iri bakwai ne: wuta, ruwa, ƙasa, iska, haske, duhu, da wani na bakwai da ba shi da launi, wanda kowane mai shi ke da nasa na daban. Yawancin mutane ɗaya ko biyu suke da shi. Touya yana da duka bakwai, kuma duk sihirin wani da ya ji sunansa da aikinsa, to ya iya shi nan take.

Daga nan sai alheri ya yi ta bin sa. Bai daɗe da tsayuwa a bakin hanya ba wani attajirin tufafi mai suna Zanac ya saye kayan makarantar da ke jikinsa da tsabar zinariya. A garin Reflet ya ceci tagwaye Elze da Linze daga hannun 'yan damfara, daga baya kuma ya haɗu da Yae, mai takobi daga ƙasar Eashen wadda aka kwaikwayo daga tsohuwar Japan. Ya kuɓutar da Sushie, 'yar ƙanin sarkin Belfast, daga 'yan kwanton ɓauna, ya warkar da makantar mahaifiyarta da kalma guda. Da aka sa wa sarki guba aka ɗora laifin a kan jakadiyar ƙasar Mismede, Touya ya warkar da sarkin, ya gano cewa a jikin kofuna aka shafa gubar, ya tona asirin basaraken da ya kitsa makircin, duk cikin kashi ɗaya. Nan take gimbiya Yumina, wadda idonta ke gane halin mutum, ta ce shi take so. Kafin zangon farko ya ƙare ya mallaki katafaren gida, da farar damisa mai suna Kohaku da ke yi masa biyayya, da bindiga mai rikiɗa takobi da ya raɗa wa suna Brunhild, da wani lambu mai shawagi a sama, da 'yan mata huɗu da aka yi musu baiko da shi. A zango na biyu ya murƙushe juyin mulkin soja a daular Regulus, aka yanka masa ƙasa tsakanin Belfast da Regulus ya zama sarkinta, adadin matan da aka yi hasashen zai aura kuma ya tabbata tara.

Inda raunin yake

Babban aibin da ake gani a shirin shi ne rashin haɗari. Labarin jarumta yana tsayuwa ne a kan fargabar mai kallo cewa jarumin zai iya faɗuwa. Touya ba ya faɗuwa. Matsala takan bayyana a farkon kashi, wani ya ambaci sunan sihirin da zai magance ta, Touya ya furta sunan, a wuce wurin. Ba ya atisaye, ba ya asara, ba ya sauya hali daga kashi na farko zuwa na 24. Dodannin lu'ulu'u da ake kira Phrase, waɗanda ya kamata su zama babbar barazanar labarin, leƙowa kawai suke yi a zangon farko su koma.

Na biyu, wayar da aka sa a sunan shirin ba ta da aikin kirki a mafi yawan lokaci. Ana duba taswira da ita, ana ɗaukar hoto, ana neman yadda ake haɗa askirim ko keke. Amfaninta mafi girma shi ne lokacin da Touya ya haɗa taswirar da sihiri, ya danna maƙiya a fuskar waya, kibau na haske suka sauko musu gaba ɗaya. Wanda ya zo da tsammanin ganin yadda ilimin zamani zai girgiza al'ummar da ba ta san lantarki ba, abin da zai samu shi ne sarakuna da fadawa sun kamu da wasan shogi, darar Japanawa, har suna mantawa da aikin mulki.

Na uku shi ne zanen. A zangon farko fuskoki kan karkace idan aka hango su daga nesa, fage da yawa hoto ne tsayayye da baki kaɗai ke motsi, faɗace-faɗace kuma kan ƙare kafin su fara. Tsakanin fage da fage akan sako ɗan gajeren zanen barkwanci na 'yan daƙiƙoƙi, wanda sau da yawa ke yanke zaren labarin a daidai inda ya fara ɗaukar zafi. 'Yan matan kuwa, kowace an ba ta hali guda da za ta riƙe har ƙarshe: Elze mai zafin kai, Linze mai kunya, Yae mai ci, Yumina mai tsara zaman gidan da nemo wa mijinta ƙarin mata.

Inda daɗin yake

Bambancin shiri marar kyau mai gundura da marar kyau mai daɗin kallo yana ga niyya da sauri. Wannan shirin bai san girman kai ba. Ba ya da'awar zurfin tunani, ba ya jan fage, kuma yakan aikata abin da ya fi kowane rashin hankali da fuska a sake. Misali mafi shahara shi ne sihirin santsi, wanda ke cire gurzar ƙasa daga ƙarƙashin ƙafar mutum. Da shi Touya ya kayar da sarkin Mismede, gwarzon mayaƙi, cikin ƙiftawar ido a gaban fadawansa. Da shi ya sa wasu manyan halittu biyu masu tsarki, kunkuru da maciji, suka yi ta zamewa ba tsayawa har suka roƙi gafara. Mai kallo yana dariya sau biyu: ta farko don abin da ya faru, ta biyu don mamakin cewa manyan mutane sun zauna a ɗakin taro sun amince a zana haka.

Akwai kuma sauƙin rai. Touya ba mugu ba ne, ba ya ɗaukar fansa, ba ya sayen bayi kamar jaruman wasu labaran irinsa, yana gaishe da na gaba da shi. Wanda ya dawo gida a gajiye zai iya kallon minti ashirin da 'yan kai da tabbacin cewa babu wanda yake ƙauna da zai mutu. Wani sashe na masu kallo kuma a rukuni suke kallonsa, suna gasar hasashen kyautar da jarumin zai samu a gaba.

A Japan, masu barkwancin intanet sun laƙaba wa jarumin suna Sumaho Taro, wato "Taro mai waya". Taro suna ne da ake ba ɗan fari, kuma ana amfani da shi kamar yadda Bahaushe zai ce "wane". Ma'anar ita ce jarumin ba shi da wata siffa da za a tuna sunansa da ita. Laƙabin ya haifi ƙanne: jarumin Death March, wanda ya fito a farkon 2018, ya zama Jiro, ɗa na biyu, na Hyakuren no Hao kuma, wanda shi ma da waya ya tafi wata duniyar, ya zama Saburo, na uku. Wani furuci da Touya ya yi a yaƙin Eashen, inda ya kamanta yadda maƙiya ke tayar da gawawwaki su mayar da su sojojinsu da wasan shogi, ya zama abin zolaya na shekaru. A ƙa'idar wasan kwatancen yana da tushe, domin a shogi ɗan da ka ci yakan koma naka, amma sanyin da ya faɗe shi a tsakiyar bala'i shi ya ba mutane dariya.

Injin da ke haifar da irinsa

Kalmar isekai na nufin "wata duniya", kuma ta zama sunan wani babban reshe na adabin nishaɗin Japan. Shafin Naro ne cibiyarsa. Re:Zero, Mushoku Tensei, KonoSuba da labarin Jarumin Garkuwa duk a can suka fara a 2012, labarin mutumin da ya dawo a matsayin dunƙulen yauƙi kuma ya biyo a 2013. Shafin yana jera labarai bisa makin da masu karatu suka ba su, na yini, na mako, na wata. Labarin da ya hau saman jerin yakan samu sababbin masu karatu, su kuma su ƙara ɗaga shi. Marubucin da ke son ya zauna a sama dole ya riƙa sakin babi akai-akai, kowane babi kuma ya ba mai karatu ɗan abin jin daɗi. Babin da jarumi ya sha kashi yana iya sa a daina bibiya. Wannan ne ya sa dogayen sunaye masu bayyana labarin gaba ɗaya da jarumai marasa faɗuwa suka yi yawa; tsarin makin ne ke hukunta wanda ya kauce.

Kamfanonin ɗab'i kuma sun mayar da jerin wurin farauta. Maimakon su yi caca da sabon marubuci, sai su ɗauki wanda ya riga ya tara mabiya. Cunkoson ya kai ga cewa a 2016 wata gasar gajerun labarai da shafin Naro ke cikin masu shirya ta ta haramta labaran tafiya wata duniya, a 2017 kuma wata gasar Kadokawa ta yi haka.

Daga littafi zuwa talabijin, kuɗin kan fito ne daga abin da ake kira kwamitin shiryawa: gamayyar kamfanin ɗab'i, da na faifai, da na waƙa, da tashar talabijin, da masu rarrabawa, kowa ya zuba kaso, kowa ya riƙe haƙƙin sashen da ya shafe shi. A wannan lissafi, zango mai kashi 12 talla ce ga littattafan. Idan cinikin littafi ya ƙaru, aka kuma sayar da lasisin nunawa ga kamfanonin waje irin Crunchyroll, wanda ya nuna wannan shirin tun 2017, to buƙata ta biya ko da masu sharhi sun yi kaca-kaca da shi. Dawowar shirin bayan kusan shekara shida, a hannun kamfani mafi girma, alama ce cewa lissafin ya fita.

Waɗanda ke riƙe da fensir

Karkatacciyar fuskar da mai kallo ke wa dariya tana da tarihi a bayanta. A tsakiyar shekarun 2010 Japan na fitar da jerin anime na talabijin sama da 300 a shekara, adadin ƙwararrun masu zane kuma bai kai ya ɗauki wannan nauyi ba. Kamfanin zane sau da yawa ɗan kwangila ne kawai: ana biyansa kuɗin aiki, ba shi da kaso a haƙƙin mallaka sai idan ya zuba jari a kwamitin. Kowane kashi na buƙatar dubban zane, ƙananan masu zane kuma da ɗai-ɗai ake biyansu. Binciken da ƙungiyar masu zanen anime ta Japan, JAniCA, ta fitar a 2015 ya nuna cewa masu cike zanen tsakiya, waɗanda su ne matakin farko na sana'ar, na samun kimanin yen miliyan 1.1 a shekara.

A gefe guda kasuwar na ta bunƙasa. Ƙungiyar kamfanonin anime ta Japan ta ƙiyasta darajar masana'antar da sama da yen tiriliyan 3.3 a 2023, fiye da rabi daga ƙasashen waje. A 2021 kamfanin Sony ya sayi Crunchyroll a kan dala biliyan 1.175. A 2024 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, bayan ziyarar da ya kai Japan a 2023, ya ambaci masana'antar a rahotonsa, yana nuni da albashin farawa na kimanin yen miliyan 1.5 a shekara da doguwar ranar aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mafarkin da ake sayarwa

Masu nazarin al'adun Japan sukan danganta farin jinin isekai da halin da matasa da masu matsakaicin shekaru suka tsinci kansu bayan fashewar tattalin arzikin ƙasar a farkon shekarun 1990. Waɗanda suka gama karatu tsakanin wajen 1993 da 2005 ana kiransu 'yan zamanin ƙanƙarar aikin yi, domin da yawansu ba su samu aiki na dindindin ba. Harshen Japananci yana da kalma ta musamman, karoshi, ga mutuwa saboda yawan aiki, kuma sai a 2018 majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta ƙayyade awannin ƙarin aiki. A 2023 ofishin majalisar ministoci ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.46 masu shekara 15 zuwa 64 na zaman killace kai a gida.

A irin wannan yanayi, abin lura a labarin Touya shi ne bai taɓa neman komawa gida ba. Tsofaffin labaran tafiya wata duniya kan ƙare da dawowa. Na zamanin Naro kan fara da mutuwa don a rufe ƙofar. Siyasar da ke cikin sabuwar duniyar ma mai sauƙi ce: sarakuna nagari ne, matsala daga mugun basarake ɗaya ko janar ɗaya take, maganinta kuma mutum guda mai ƙarfin da ya fi na kowa. Ba majalisa, ba talakawa masu murya, ba wanda ke tambayar yaro ɗan shekara goma sha ta yaya ya zama mai ƙasa da rundunar manyan injinan yaƙi.

Hukumomi a wasu ƙasashe sun ɗauki reshen da muhimmanci fiye da yadda ya ɗauki kansa. A 2021 wata kotu a birnin St. Petersburg na Rasha ta hana yaɗa wasu shirye-shirye a wasu shafuka, ciki har da KonoSuba, bisa hujjar cewa suna nuna rayuwa bayan mutuwa ta fi ta yanzu daɗi. A shekarar ce kuma shafin Bilibili na ƙasar Sin ya sauke Mushoku Tensei bayan ƙorafi kan yadda yake nuna mata.

Batun shekaru da aure

Akwai ɓangaren da dariya ba ta rufe shi. Yumina shekararta 12 lokacin da ta nemi auren Touya, Sushie kuma, wadda daga baya ta shiga jerin matan tara, 10 take da su a farkon labarin. Shirin yana jinkirta ɗaurin auren, yana nuna jarumin a matsayin mai kunya, amma yana cike da fagagen da aka tsara don nuna jikin 'yan matan, ciki har da kashin da wasu halittu masu narkar da tufafi suka afka musu. Wannan ya sa bai dace da yara ba, duk da launukansa masu haske da kamannin katun ɗin yara.

Abin da labarin ke nunawa ya saɓa wa dokar ƙasar da ta haife shi. Auren fiye da mutum ɗaya laifi ne a Japan ƙarƙashin sashe na 184 na kundin hukunta laifuka. A Afrilun 2022 ƙasar ta mayar da mafi ƙarancin shekarun aure 18 ga mace da namiji, a 2023 kuma ta ɗaga shekarun amincewa da mu'amalar jinsi daga 13 zuwa 16. Dokokin kare yara na ƙasar ba su shafi zane ba, muhawara kan hakan kuma tana ci gaba tsakanin masu kare 'yancin faɗar albarkacin baki da masu fafutukar kare yara.

Matsayinsa a yau

A cikin reshen isekai, wannan shiri ya zama ma'auni. KonoSuba, wanda aka fara nunawa a 2016, yana yi wa irin waɗannan labarai shaguɓe da gangan, da jarumi matsolo da abokan tafiya marasa amfani. Re:Zero yana azabtar da jaruminsa don ya nuna tsadar samun dama ta biyu. Labarin Touya shi ne ainihin abin da waɗancan ke zolaya, an kawo shi yadda yake. Saboda haka idan sabon shiri ya fito da jarumi mai duk wata baiwa da ayarin 'yan mata, da shi ake fara auna shi. Zangunan biyu, kashi 24 gaba ɗaya, suna kan Crunchyroll da muryoyin Japananci da fassarar rubutu, akwai kuma sigar da aka ɗora wa muryoyin Turanci.